Yadda Kan Habu Ya Kai Mu Badun

Tun da muka dawo daga Badun ban samu zama ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na je kasuwar Sabuwa wurin awo a bar hatsi a tsaya tambayata. Wani ya ce an yi wa yaron aiki a kai. Wani ya ce an sayar da jininsa a ƙasar waje. Wani kuma abin da yake son ji kawai shi ne ko da gaske Yarabawa baƙin tuwo suke ci. Na gaji da ba da labari guntu-guntu kowa yana ƙara nasa gishirin. Saboda haka na zauna na rubuta shi daga farko har ƙarshe, bi da bi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya tsallake farko ya faɗa tsakiya, kada ya zo mini da tambaya.

Da farko, dalilin tafiyar. Ɗana Nura yana auren Saratu, ɗiyar ƙanina marigayi Sule. Auren zumunci ne, su suka ga juna suka so, mu muka sa albarka. Ɗiyarsu ta fari lafiyarta lau. Na biyu shi ne Habu. An haife shi da ƙaramin kai, goshinsa ya zame baya, hular jarirai tana yi masa yawa. Yanzu tsaransa sun fara zuwa makaranta, shi bai iya haɗa kalma biyu ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya ko na ɗan lokaci. Ta ukun mace ce, ita ma haka ta zo, ba ta kai yaye ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan wannan rasuwar ne yayata, Yaya Binta, ta tashi tsaye. Ita ce babbarmu, ita ta ƙarasa renonmu bayan rasuwar Inna, kuma tun da ’yan bindiga suka tashi ƙauyen mijinta a wajen Faskari ta dawo gidana a Damari. Mahaifiyar Saratu daga Maguzawan wajen Mairuwa ta fito. Ta musulunta kafin Sule ya aure ta, ta riƙe salla har ta koma ga Allah. Amma Yaya ta ce iskokin da aka daina yi wa yanka a dangin uwar ne suka biyo Saratu, kuma ta uwa irin wannan abu yake shiga gida. Ta yanke cewa da an gama girbi Nura ya sallami Saratu. A gidanmu ba a tsallake maganar Yaya. Nura ya fara yin sanyi, ita kuma Saratu na ga ta sauke kwanukanta daga kabad ta ɗaure su a tsohon zane.

Ni mai awo ne, ba na faɗin nauyin buhu kafin in ɗora shi a sikeli. Wani likitan yara a Zariya ya taɓa ce wa Nura akwai wata likita a Badun, wato Ibadan, da ke duba irin waɗannan yara ta hanyar bin jinin dangi. Ya ce a je da yaron, da uba, da uwa, da kuma dattijon da ya san dangi. Na ce za mu je kafin girbi.

Yaya ta ce, “Mi za a gano a Badun da ba a gani a nan ba? Ga kai nan kowa na gani.”

Na ce, “Yaya, a bari a auna.”

Ta ce, “Ku je ku dawo. Masara ba za ta jira ku ba, ni ma haka.”

Duk da haka ta ƙunsa mana garin turaren hayaƙi a leda, ta ce a riƙa yi wa yaron a masauki, don ƙasar da za mu ba ta da kyau.

Daga Damari zuwa Sabuwa babura muka hau, bayan rana ta fito sosai, don babu mai hankalin da zai yi sammako a wannan hanya yanzu. Masara ta yi tsawo hagu da dama, ba ka ganin abin da ke cikinta. Mai babur ɗina bai ce uffan ba har muka hango rufin kwanon Sabuwa, sannan ya fara surutu kamar an kunna shi. Daga nan mota zuwa Dandume, daga Dandume zuwa Funtuwa. A tashar Funtuwa aka yi mana bayani cewa gajeriyar hanya ita ce ta Birnin Gwari, amma direbanmu ya ce yana da iyali. Muka bi doguwa, ta Zariya da Kaduna da Suleja da Bida.

Zama a mota da Habu aiki ne. Ya hau cinyar uwarsa, ya sauka, ya ja kunnen na gaba, ya cire hularsa ya jefar. Saratu ta ɗauko ta mayar masa, ya sake cirewa. Ba don sanyi take sa masa ba, don idon mutane ne. Kuma mutane sun kalla. Wani mai goro da ke kusa da ni ya leƙa, ya ja tsaki na tausayi, ya raɗa mini cewa yana da malami a Ƙanƙara da ke mayar da irin waɗannan inda suka fito. Na ce masa inda ya fito shi ne cikin uwarsa, ga ta nan zaune. Bai ƙara yi mini magana ba, goron ma da ya fara ɓarewa ya mayar aljihu.

Ni kaina ban fi yaron natsuwa ba. Hankalina na kan gona, na kan gida, na kan ƙunshin kwanukan nan. Duk inda waya ta kama sai in kira gida, duk kiran kuma Yaya ce ke karɓa ta ce, “Kun kai? To mi kuke yi a hanya har yanzu?”

Furar da muka taho da ita a jarka ta yi tsami saboda zafi. Bayan Bida Nura ya buɗe murfin, ta yi tsartuwa ta wanke wuyan wata mata Bayarabiya da ke gabansa. Na ce yau mun shiga uku. Ta juyo ta zazzaga masa faɗa da yarensu har jijiyar wuyanta ta tashi. Sai idonta ya faɗa kan Habu, wanda ke kyakyata dariya yana tafi. Ta tsaya. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi ta ɗora a cinya ba tare da neman izinin kowa ba, ta ɓare masa ayaba. Kowa a motar Iya yake kiranta, fataucin wake take yi. Ba ta tambayi abin da ya samu kansa ba ko sau ɗaya. Na lura da wannan.

Mun kwana a Mokwa, a rumfar tasha, don direba ya ce ba ya ƙetare kogi sai da ido. Da safe muka hau gadar Jaba. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin kogin Kwara ba, amma ban samu kallonsa yadda ya kamata ba, don Habu ya so ya fitar da kai ta taga ni kuma ina riƙe da ƙafarsa. A takarda ƙasa ɗaya ce. A zahiri daga wannan gada kake zama baƙo. Gaba kaɗan masu kaki suka tsayar da mu, suka ce kowa ya fito da katinsa. Da ɗayansu ya ga daga inda muka fito sai ya ɗaga murya yana kiran ɗan’uwansa, ya ware ni da Nura gefe. Nura yana jin Turanci kaɗan, ya ce mini wai suna cewa garinmu garin ’yan bindiga ne. Na ce ya gaya musu gaskiya ne, shi ya sa ma ba mu da shanu yanzu. Bai fassara ba.

Suka zazzage jakata, suka ci karo da ƙunshin Yaya. Mutumin ya kwance leda ya kai hanci ya shaƙa da ƙarfi. Ashe har da barkono a haɗin. Ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, abokinsa ya gyara bindiga. A nan ne Iya ta sauko daga mota da Habu a kafaɗa, ta tsaya a gabansu tana masifa tana nuna yaron, tana nuna mu, tana nuna sama. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dai ga sun mayar mana da katunanmu, sun riƙe turaren. A wajenmu mace ba ta yi wa mai bindiga tsawa a titi. Ban ce ya kamata ta fara ba, na dai faɗi abin da na gani.

A Ilori aka tsaya cin abinci, kuma a nan zan amsa tambayar baƙin tuwo sau ɗaya kada a sake yi mini ita. Gaskiya ne. Amala sunansa, da garin busasshiyar doya ake yi. Na zaci ya ƙone ne na mayar wa mai abincin, ’yan motar suka yi ta dariya. Miyarsa mai yauƙi ce kamar lalo, sai a zuba jar miya a kai wadda barkononta ke hawa har ƙwaƙwalwa. Bai kai tuwon dawa riƙe ciki ba. Na ci don ba ni da zaɓi, Nura ya ƙara, Saratu ta juya baya ta ci nata kaɗan, don ko a tasha ba ta cin abinci ina kallo.

A Badun unguwar Sabo muka sauka, inda Hausawa suke, a gidan wani Alhaji Mamman, mutumin Ƙanƙara da ya daɗe can yana dillancin goro. Hausarsa ta gauraye, in ya yi fushi da yaransa da Yarabanci yake zagi. Ni da Nura a zaure, Saratu da Habu a cikin gida wurin iyalinsa. Garin ba shi da iyaka, rufin kwano mai tsatsa ne hawa da gangara har inda ido ya tsaya, kuma ba a yin shiru a cikinsa. Ranar ganin likita ba ta zo nan da nan ba. Na kasa zaman zaure, na riƙa zagaya unguwa ina dawowa.

A wannan yawon na ga abubuwa. Saurayi ya kwanta rub da ciki a ƙasa don gaida babba, ya tashi ya kakkaɓe riga ya wuce. Gida ɗaya wani ya fito ya tafi masallaci wani ya tafi coci, su dawo su ci a kwano ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kaburbura. A wasu tsofaffin gidaje a ƙofar gida suke binne nasu, su shafe da siminti, su rubuta suna. Na ga mace ta shanya barkono a kan kabarin da aka ce na surukinta ne. Na ce wa Alhaji Mamman wannan rashin tsoron Allah ne.

Ya ce, “Malam Isa, haka na ce shekarar da na zo. Su kuma in ka ce musu ba ka san inda kabarin kakanka yake ba, kallon marar asali suke yi maka.”

Na ce, “Mu addu’a muke yi wa namu.”

Ya ce, “Waɗanda muka tuna ba.”

Na sauya magana, don ba na son gardama a gidan da nake cin abinci.

Yanzu asibiti. Babba ne, benaye a jere, mun ɓace sau biyu kafin wani mai shara ya nuna mana ɓangaren yara. Likitar mace ce, Bayarabiya, da ɗan furfura. Ta yi bautar ƙasa a arewa, tana jin Hausa amma a karkace, har ta ce mini “ke” Nura ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ta auna kan Habu da zare irin na tela, ta auna na Nura, ta auna na Saratu. Ni ma ta ce in cire hula, na cire. Ta tambayi Saratu ko ta yi zazzaɓi mai ƙuraje tana da ciki, ko ta sha wani magani, ko haihuwar ta zo da wahala. Duk babu.

Sai ta ɗauko farar takarda ta ce za ta zana dangi. Ta tambayi Saratu sunan mijinta. Saratu ta yi shiru. Ta tambaye ta sunan ɗiyarta ta fari. Shiru. Likita ta dube ni ta ce ko ita ma ba ta ji sosai ne. Na yi mata bayani cewa a wajenmu mace ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari, kunya ce. Ta ce to ni in faɗa.

Nan aka zo wurina. Na jera mata tun daga kakanmu. Na ce mahaifina da Inna ’ya’yan wa da ƙani ne. Na ce su suka haifi Yaya Binta, sai ni, sai Sule, sai mata biyu da ke aure a Dandume. Na kawo ’ya’yan kowa bi da bi ban yi tuntuɓe ba. Tana zana maza da ɗan akwati, mata da da’ira, inda aka yi auren zumunci ta ja layi biyu. Da ta zo kan mahaifiyar Saratu na gyara zama na ce a nan ake zargi, na faɗa mata maganar Yaya. Ta rubuta, ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “Baba, an taɓa haihuwar yaro mai irin kan Habu a danginku?”

Na ce, “Ba a taɓa ba.”

Ta ce, “Har waɗanda suka mutu suna ƙanana. Su nake so. Ka ba ni masu rai kawai.”

Na ce mata mu ba mu lissafa waɗanda suka koma. Ko mace ka tambaya ’ya’yanta nawa ba za ta faɗa ba, balle waɗanda ba su yi kwana ba. Kuma da zuciya ɗaya na sake cewa babu.

Sai Saratu ta yi magana. Ba ni ta kalla ba, ba likita ba, ƙafar tebur ta kalla.

Ta ce, “Babana ya ga Habu kafin ya rasu. Ya ce ya yi kama da ƙaninsu.”

Na ce, “Wane ƙani? Sule ne autan maza.”

Ta ce, “Wanda ake ajewa a ɗakin kaka, Baba.”

Ban san yadda zan rubuta abin da ya same ni ba, don haka zan faɗa yadda yake. Na tuna. Ɗanjuma. Bayan Sule aka haife shi. Ba a fitowa da shi zaure, in baƙi sun zo a ɗakin kaka ake rufe shi. Ba ya magana, sai dariya da tafi. Manya suna ce masa ɗan ruwa, wai Inna ta yi wanka a rafi da almuru tana da cikinsa aka musanya mata. Ya rasu ina yaro, aka binne shi, ba a sake kiran sunansa a gidan ba. Shekara da shekaru ina jera ’yan ɗakinmu ba na sa shi, kuma ban taɓa jin na tsallake kowa ba. Jikana yana yawo a gabana da kai irin nasa ban haɗa su ba.

Likita ta zana ɗan akwati a gefen Sule ta cike shi da baƙi, kamar yadda ta yi wa na Habu da na ƙanwarsa. Ta juyo da takardar wajena.

Ga bayaninta, yadda na fahimta kuma na sa ta maimaita. Kowane abu a jikin ɗan Adam yana da ƙwayar gado da ke tafiyar da shi, kuma biyu-biyu ake ɗaukarsu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Akwai waɗanda aikinsu shi ne su sa ƙwaƙwalwa ta girma tun yaro yana ciki. In ɗaya ta samu tangarɗa ɗayar tana da kyau, mai kyau ta riƙe aikin, mutum ya rayu lafiya bai san yana ɗauke da komai ba. Sai in yaro ya ɗauko mai tangarɗa daga uba, ya kuma ɗauko irinta daga uwa. Sannan ƙwaƙwalwa ba ta cika girma ba, kai ma ya tsaya daidai da ita.

Nura ya ce, “Kamar sikila ke nan?”

Ta ce, “Hanyar ɗaya ce. Sai dai sikila tana da yawa a cikin mutane, wannan kuwa ba ta da yawa. Da wuya bare da bare su haɗu da iri ɗaya. An fi samu in daga kaka ɗaya suka gado.”

Ta sa alƙalami a kan Nura ta hau zuwa kaina. Ta sa a kan Saratu ta hau zuwa Sule. Layukan biyu suka haɗu a kan mahaifina da Inna. Mahaifiyar Saratu tana can gefe ita kaɗai, babu layin da ya bi ta kanta.

Na ce, “To ta uwa abin yake shiga ko ta uba?”

Ta ce, “Uwa ita kaɗai ba ta iya ba da shi, in irin wanda nake zato ne. Sai su biyu. Kuma babu wanda ya yi laifi, ba wanka, ba abinci, ba yanka.”

Ta ce zato ne mai ƙarfi amma jini ne zai tabbatar, kuma sakamakon yana ɗaukar watanni. Har yau da nake rubutun nan bai fito ba, wanda ya ce muku ya fito ƙarya yake yi. Aka ɗebi jinin su ukun, Habu ya ciji ma’aikaciyar da ta ɗebi nasa. Likita ta ce babu maganin da zai ƙara girman kan, kada mu bari kowa ya cuce mu. Amma yaron zai iya koyon cin abinci da kansa, da sa riga, da wasu kalmomi, in an bi shi a hankali kullum, ta kuma nuna wa Saratu yadda ake yi. Abu na ƙarshe da ta faɗa shi ne mafi nauyi. In zatonta ya tabbata, kowane ciki da Saratu za ta ɗauka da Nura, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa haka, kashi uku lafiya, kuma cikin baya ba ya rage wa na gaba komai.

Dawowa ta fi zuwa wahala, ko da yake babu wanda ya tsayar da mu. Na ga cewa maganar likita kaifi biyu gare ta. Ta wanke mahaifiyar Saratu, amma wanda yake son a rabu zai iya cewa ai ga shi nan, kowa ya je ya auri bare. Na yi ta juya wannan daga Oyo har Ilori. Da aka tsaya salla na kira su biyun bayan mota.

Na ce, “Kun ji abin da na ji. Ba zan ɓoye wa Yaya ko kalma ɗaya ba. Mi kuka gani?”

Nura ya ce, “Baba, da ana cewa daga wajenta ne na rasa bakin magana. Yanzu rabi nawa ne. Ba zan sallame ta a kan abin da ni ma na kawo ba.”

Na ce, “Haihuwa fa?”

Saratu ta ce wa ƙasa, “Mu dakata har jinin ya fito, Baba. Habu ma aiki ne.”

Na ce wannan nasu ne, ba zan sa baki ba, kuma ba zan bari a sa ba.

Mun shiga Damari bayan la’asar. An fara karyar masara. Yaya tana tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka sha ruwa. Saratu ta shige ɗaki, Habu ya tsaya yana zagaya turmi.

Yaya ta ce, “To, masu awo. Mi sikelin ya ce?”

Na zauna a ƙasa kusa da tabarmar, na faɗa mata komai bi da bi kamar yadda na rubuta a nan, har da kashi ɗaya cikin huɗu. Tana ji tana ɓara. Da na gama ta ce likitar ba ta san gidanmu ba, a gidanmu ba a taɓa yin irin wannan ba.

Na ce, “Yaya, Ɗanjuma fa?”

Hannunta ya tsaya a cikin kwarya.

Ta ce, “Wa ya gaya maka wannan sunan?”

Na ce, “Ƙanina ne. Na manta shi, aka tuna mini.”

Ta ture kwaryar gefe. Sannan ta ce, “Kai ka manta. Ni na goya shi har ya rasu. Tun ranar sunan Habu na gane kan.” Ta ce shi ya sa ta tsaya kai da fata. Ta ga yadda kaka ta hana Inna sakat a kan wankan rafin nan, ta ga Inna tana kuka a madafa tana cewa ita ta jawo wa ɗanta. Inna da bakinta ta amsa laifin, har ta rasu tana neman gafara a kansa. Tun daga nan Yaya ta riƙe cewa ta uwa abin yake zuwa.

Na ce, “Ba rafi ba ne. Baba yana ɗauke da rabi, Inna tana ɗauke da rabi, daga kakansu ɗaya. Ni na ɗauko, Sule ya ɗauko. Wataƙila ke ma.”

Ta ce, “Isa, ka dube ni. Inna ba ta yi komai ba?”

Na ce, “Ba ta yi komai ba, Yaya.”

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na tashi na koma bakin zaure, don ba a kallon babba yana kuka. Ina tsaye na ji ta fyace hanci, ta ɗaga murya yadda ta saba, kamar mai faɗa.

“Saratu! Fito ki ɗora tukunya, mutane sun yi tafiya. Ki miƙo mini zane in goya yaron nan, ya ishe ni da zagaye.”